Yadda Ake Gano Turjiya da Cin Wutar Na'ura Daga Bolt da Amfiya

Duk wanda yake aikin lantarki, ko mai haɗa sola a gidaje ne ko ɗalibin da ke koyon gyaran rediyo, yana buƙatar ya rarrabe abubuwa huɗu: ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, wanda ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudana, wadda ake aunawa da amfiya, turjiyar da na'ura ke yi wa wutar, wadda ake aunawa da om, da kuma cin wutar na'urar, wanda ake aunawa da wat. Idan aka san biyun farko, sauran biyun lissafi ne kawai zai fito da su.

Dokar da ake bi ta samo asali ne daga Georg Simon Ohm, wani malami Bajamushe da ya wallafa bincikensa a 1827, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin turjiya. A rubuce, harafin V yana tsaye a madadin bolt, I a madadin amfiya, R turjiya, P kuma wat. Turjiya ita ce R = V ÷ I, cin wuta kuwa P = V × I. Misali, idan aka jona ƙwan fitila da batir mai bolt 12, aka ga yana jan amfiya 2, to turjiyarsa om 6 ce, cin wutarsa kuma wat 24. Sai dai a kula, ƙananan na'urori da miliamfiya ake auna su, kuma dole ne a raba adadin da 1,000 kafin a shigar da shi lissafi, wato miliamfiya 500 daidai take da amfiya 0.5. Mantawa da wannan kuskure ne da masu koyo sukan faɗa ciki.

Da maltimita, wato mitar da ke auna bolt da amfiya da om, ake samun waɗannan adadi. Wajen auna bolt, ana ɗora tsinkayen mitar biyu ne a kan bakunan na'urar biyu ba tare da an cire komai ba. Auna amfiya daban ne, domin sai an katse layin an sa mitar a tsakani, ta yadda duk wutar za ta bi ta cikinta, sannan a mayar da jan tsinken ramin da aka ware wa amfiya. Wanda ya bar mitar a kan amfiya ya tsoma tsinkayenta cikin soket, ya haɗa wuta kai tsaye ke nan, fis ɗin mitar zai ƙone, shi ma yana iya jin rauni. A wutar gida, mitar da ake maƙalawa a jikin waya ɗaya ta fi aminci.

Mu ɗauki dutsen guga mai wat 1,000 a kan wutar gida ta Najeriya, wadda ƙa'idarta bolt 230 ce. Idan aka raba 1,000 da 230, za a ga yana jan kimanin amfiya 4.35, turjiyarsa kuma wajen om 53. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, a ce bolt 180, turjiyar dutsen tana nan kusan yadda take, don haka sai a yi amfani da P = V × V ÷ R: 180 sau 180 ya ba da 32,400, a raba da 53, ya zama kimanin wat 611. Abin da ya sa ke nan mai guga yake ta danna dutse a kan riga, tamoji kuma ya ƙi kwanciya. Bolt ya ragu da kaɗan fiye da kashi ɗaya cikin biyar, amma zafin ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar.

Inda nake so mai karatu ya fi natsuwa shi ne batun sola, saboda a nan ne rashin wannan lissafi yake jawo asara. Wat 1,000 ɗin nan, idan daga batir mai bolt 12 inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, za ta zuƙo su, amfiya 83 za su bi ta wayar batir, har ma fiye idan aka sa asarar inbatar kanta. Ita ma waya tana da tata turjiyar, kuma zafin da take yi shi ne P = I × I × R. A ce wayar siririya ce mai tsawo, turjiyarta om 0.1. Da amfiya 4.35, wat 2 bai cika ba abin da zai ɓata. Da amfiya 83 kuwa, lissafin ya kai kusan wat 690, duk a jikin wayar. Tun kafin a kai nan robar wayar za ta yi laushi, ta fara wari, ta narke a kusa da kan batir. Don haka ne ake sa wa batir waya gajera mai kauri, kuma manyan haɗe-haɗe suke komawa bolt 24 ko 48, domin duk lokacin da aka ninka bolt, amfiya takan ragu da rabi, zafin waya kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan lissafi ya fi cika daidai a kan wutar batir da na'urori masu ɗumamawa, irin su dutsen guga da hita. Firji da fanka da injin famfo suna da moto, don haka bolt sau amfiya yakan ɗara ainihin wat ɗin da suke ci, kuma a lokacin tashi sukan ja amfiya ninkin ba ninkin na wadda suke aiki da ita. Haka kuma, idan za a auna turjiya kai tsaye da maltimita, a fara kashe wuta a zare fulogi, a kuma tuna cewa ƙwan fitila mai zare yana nuna turjiya ƙarama idan yana sanyi, sai ya ɗau zafi take ninkawa wajen sau goma.