Darasi na Tara: Saƙa Hular Sanyi Mai Harafin Japan

A darasin da ya gabata mun koyi ɗora zare a kan tsinke, mun kuma koyi saƙa iri biyu: saƙar fuska, wadda ke fitowa kamar lamba bakwai ta Larabci (٧), da saƙar baya, wadda ke fitowa da ɗan ƙulu. Kowane madauki da ke kan tsinke mun ce sunansa "ido". Yau za mu haɗa su mu fitar da hular da za ta rufe kunnen babban mutum a hunturu, sannan mu rubuta kalma guda a goshinta da allura. Kalmar da rubutun mutanen Japan za mu yi ta.

Mu fara da harafin

Sau da yawa mukan sayi rigar sanyi ko hula a gwanjo, da wani zane a jiki, mu ɗauka ado ne kawai, alhali rubutu ne, kuma yana faɗin wani abu. Wanda ya zauna ajin nan ya san zafin a miƙa masa takarda ya kasa karantawa. Saboda haka ba za mu ɗora wa ɗanmu ko maigida harafi a ka ba sai mun san abin da yake cewa.

Mutanen Japan suna haɗa rubutu iri uku a shafi ɗaya. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, na sauti ne, kowanne yana da haruffa 46 na asali. Na ukun shi ne kanji, wanda suka samo daga ƙasar Sin tun ƙarnuka da dama. A kanji kowane harafi yana ɗauke da ma'anarsa. Jerin da gwamnatinsu ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum yana da 2,136, kuma yaro ɗan aji ɗaya a firamare da 80 yake farawa.

Namu yana cikin waɗannan 80 ɗin. Ga shi: 山. Ana karanta shi "yama", ma'anarsa tsauni. Ku dube shi da kyau: ƙololuwa uku ne a kan tushe ɗaya, ta tsakiya ta ɗara sauran. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Japan tsaunuka ne, kuma mafi tsawo a cikinsu, Fuji, ya kai mita 3,776. A sunan wannan tsaunin harafin nan ne a ƙarshe, sai dai a can "san" ake karanta shi, a ce Fujisan. Harafi ɗaya, karatu biyu.

Na zaɓe shi ne don layukansa miƙaƙƙu ne, kuma hagunsa da damansa iri ɗaya ne, ko an fara daga wane gefe ba zai juye ba. Sauran haruffan ba su da wannan sauƙin. 大 yana nufin babba. A ƙara masa ɗigo a sama ta dama, 犬, ya koma kare. A sauko da ɗigon ƙasa, 太, ya koma mai kauri. Mu ma mun san irin wannan a bokonmu: lanƙwasar da ke kan ƙ ita ce ta raba "baƙi" da "baki", ta raba "ƙafa" da "kafa". Mai saƙar da ta ƙara ido biyu inda babu su, ta canza maganar da ke kan hular.

Kafin ku taɓa zare, ku rubuta 山 sau goma a littafinku yadda ake koya wa yaransu: layin tsakiya tukuna daga sama zuwa ƙasa, sai na hagu ya sauko ya karya kwana ya tafi dama ba tare da an ɗaga fensir ba, sai na dama ya sauko ya rufe. Ja uku ke nan.

Kayan aiki da awo

A nemi ulu mai matsakaicin kauri giram 100, launi mai duhu, da ɗan ragowar fari ko ruwan madara mai kauri ɗaya da shi. Sai tsinken saƙa biyu masu milimita 4.5, tef irin na tela, almakashi, da babbar allura marar tsini. In ulun mai duhu ja ne, a jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi a matse shi a farin ƙyalle. In ya zuba, a canza shi, don wanki ɗaya zai ɓata harafin.

Yanzu gwaji. Na san da yawa suna tsallake shi don ɗoki, amma hannun kowa daban ne, wata tana matsewa, wata tana saki. A ɗora ido 24, a saƙa layi 30, layi ɗaya fuska, layi ɗaya baya. A shimfiɗa a auna santimita 10 a tsakiya. Lissafin darasin nan an gina shi ne a kan ido 18 a faɗi da layi 24 a tsawo. In kun ƙirga fiye da 18, ku ɗauki tsinke mai ɗan kauri. In ƙasa da haka, ku ɗauki siriri.

Kan babban mutum yakan kai santimita 56 a kewaye. Hula kuwa dole ta gaza kan kaɗan don ta kama, tunda saƙa tana miƙewa. Ido 88 za su ba mu kusan santimita 49. Mu ƙara biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ɗinki zai cinye. Jimla 90.

Jikin hula

A ɗora ido 90. Layin farko: fuska biyu, baya biyu, haka har ƙarshe, za a ƙare da fuska biyu. A layin dawowa a bi abin da ido ya nuna, inda aka ga bakwai a yi fuska, inda aka ga ƙulu a yi baya. A ci gaba har santimita 5. Wannan shi ne bakin hula, shi ke riƙe ta a kai.

Daga nan layi ɗaya duk fuska, layi ɗaya duk baya, har tsawon aikin daga baki ya kai santimita 14. Wannan filin mai santsi shi ne allonmu, don haka a kula kada hannu ya sauya a tsakiya.

Sai ragi. A layin fuska: a saƙa ido ɗaya na gefe, sannan a saƙa 9, a haɗa biyu su zama ɗaya, a maimaita haka sau takwas, a ƙare da idon gefe. Saura 82. A dawo da saƙar baya ba ragi. Layi na gaba a saƙa 8 a haɗa biyu, saura 74. Na gaba 7, na gaba 6, kullum takwas ke fita: 66, 58, 50, 42, 34, 26, 18. A layin ƙarshe, bayan idon gefe, a haɗa bibbiyu kawai, saura 10. A yanke zare a bar jela kamar kamu ɗaya da rabi, a zura a allura, a bi ta cikin idanun goma, a ja su tattaru. Kada a ɗinke baya tukuna, rubutu ya fi sauƙi hula tana buɗe.

Rubuta harafin da allura

A ɗauki takarda mai gida-gida ta littafin lissafi. Kowane gida ido ɗaya ne. Akwai abin lura a nan: gidan takarda faɗinsa da tsawonsa ɗaya ne, amma idon saƙa ya fi faɗi. Shi ya sa zanen zai yi kamar ya cika tsawo a takarda, a kan hula kuwa ya zauna daidai.

Faɗin harafin gida 14 ne, tsawonsa layi 16. A cike layi uku na ƙasa gaba ɗaya, tushe ke nan. A kan tushen a tayar da ginshiƙai uku, kowanne faɗin gida biyu, da tazarar gida huɗu a tsakaninsu. Na tsakiya ya hau layi 13, na hagu da na dama su hau 7 kowanne.

A kan hula, a ƙirga ido 38 daga gefe, a sa alama da guntun zare. Harafin zai fara a ido na 39 ya ƙare a na 52, ginshiƙin tsakiya ya faɗa a kan na 45 da 46. A bar layi uku a saman bakin hula kafin a fara tushe.

A zura farin zare kamar kamu ɗaya, in ya fi haka yakan yi gashi. A fito da allura daga ciki, daidai gindin bakwai ɗin da za a rufe. A wuce da ita ta ƙarƙashin ƙafafu biyu na idon da ke samansa, daga dama zuwa hagu. A mayar da ita ramin da ta fito. Fari ya kwanta a kan duhu, ido ɗaya ya rufu. A yi tushe layi-layi, sannan a hau ginshiƙai daga ƙasa zuwa sama. Kada a ja da ƙarfi: in an matse, launin ƙasa zai leƙo, wurin kuma ya tattare ya daina miƙewa a goshi. Ba a ƙulli, don yana damun fata. A saƙala jelar a bayan idanu huɗu ko biyar ta ciki, a yanke.

In an gama, a ɗinke baya da jelar da aka bari, daga sama zuwa baki, ana kama idon gefe na nan da na can. Mai so ta ɗora tuntu a ƙololuwa. A wanke da ruwan sanyi da hannu, a shanya a kwance a inuwa, don rataya tana ja wa hula tsawo.

Aikin gida

Ku lissafa idanun da farin zare ya rufe: tushe, ginshiƙin tsakiya, da na gefe biyu. Wanda ya samu 96 ya yi daidai.

Ku auna kan yaro a gida, ku cire santimita 6, ku lissafa ido nawa za ku ɗora in ido 18 ne ke ba da santimita 10.

Ku zana 川 a takarda mai gida-gida. Ana karanta shi "kawa", ma'anarsa kogi, shi ma ja uku ne. Na hagun yana ɗan karkata waje a ƙasa, na tsakiya ya fi gajarta. Ku zo da zanen mako mai zuwa, da hularku ko ba ta ƙare ba.