Kurakuran da ke kashe aikin kare daji da namun dawa a jihar Maraɗi, da yadda za a gyara su

Duk ƙungiyar da ta shigo ƙauye da niyyar kare daji tana zuwa da kyakkyawar manufa, amma sau da yawa motarta na juya baya aikin ya mutu. Ba ƙarancin ruwan sama ne kaɗai ke kashe shi ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne a ɗauki mutanen wurin, manoma da makiyaya da mahalba da mata masu itace, a matsayin ƴan ƙwadago ko ɓarayin daji, alhali su ne masu wurin tun kaka da kakanni.

Kuskuren da ya fi daɗewa a ƙasarmu shi ne zaton cewa gyaran daji yana nufin dasa itace. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi mai yawa a gandun renon itace, aka yi ta raba bedi da itacen turare, aka yi ta bikin dasawa. A 1984 ma a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da gurgusowar hamada. Amma ɗan itacen da aka reno a leda, aka dasa a jigawa, ba shinge ba ban ruwa, kafin damina ta zagayo akuya ko rana ta gama da shi. Maganin kuwa yana ƙarƙashin ƙafarmu. Kututturen kalgo da sabara da gawo da aduwa da manomi ke sassabewa duk bazara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai, ta yi nisa cikin ƙasa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da haka a 1983, daga nan aka fara abin da muke kira sassaben zamani, wato a bar tohon kututture a rene shi ya zama itace maimakon a sassabe shi duka. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasa mai faɗin kusan ekta miliyan 5 ta sake yin itace a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu gandun reno da ya taɓa kusantar wannan.

Sai dai shi ma sassaben ana ɓata shi. Wani ya bar toho goma a kututture ɗaya, duka su tashi sirara, ba wanda zai yi azara. Wani ya bar ɗaya tak, ya aske shi har ƙoli, iskar farkon damina ta karya shi. Abin da ya dace shi ne a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran, a rage rassan ƙasa har kusan rabin tsawon itacen, a bar na sama. A yi da gatari ko adda mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, domin ta wannan yagewar ce gara da cuta ke shiga. Wasu na ɗaura jan ƙyalle a jikin tohon, alamar cewa yana da mai shi. Kuma kada a tsaya kan gawo kaɗai. Gaskiya gawo abokin hatsi ne, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ƴaƴansa abincin dabbobi ne, gero kuma ya fi kyau a gindinsa. Amma a tambayi uwar gida wane itace take so a gonar, za ta ambaci kuka da magarya da aduwa da kanya, waɗanda ke shiga tukunya ko su kai ta kasuwa.

Kuskure na gaba ya fi wuyar gani, don yana kama da alheri: a biya mutane su kare itace. An gwada a nan. Lokacin yunwar 1984 an haɗa sassaben zamani da rabon abinci a ƙauyuka da dama na Maraɗi, mutane suka bar itatuwa dubu ɗaruruwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka ga amfanin da idonsu, itacen girki a kusa, iska ta daina binne shuka, ba a sake shuka sau uku. Ban ce a hana mai yunwa abinci ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa kada a ɗaura ran itace a kan buhun hatsi. A ba da taimako don yunwa, a koyar da sassabe don amfaninsa, a kai manomi ya ga gonar ɗan'uwansa manomi da ya yi shekaru yana yi.

Daga nan sai maganar mallaka, wadda a ganina ita ce gindin komai. Shekaru da yawa doka ta ɗauki itace a matsayin dukiyar gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Manomi ya reni gawo, ya sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To wa zai reni abin da zai ja masa tara? Shi ya sa mutane suka riƙa kashe toho tun yana ƙarami. Abubuwa sun sauya sannu a hankali, daga dokar karkara ta 1993 zuwa dokar daji ta 2004, har a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena. Kuskuren yau shi ne a bar wannan doka cikin takarda da Faransanci. A karanta ta da Hausa da Fulatanci a dandalin gari, gaban maigari da ma'aikacin gandun daji, kowa ya ji da kunnensa abin da aka halatta da abin da aka hana. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaron itace, suka sa maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka tsara dokoki da tara, satar itace ta ragu. Ƙarfin wannan kwamiti shi ne na gari ne, ba na furoje ba.

Fulanin nan da aka sa a kwamiti ba don kara aka sa su ba. Duk shirin gyaran ƙasa da ya manta da makiyayi yana shuka rigima. Za ka ga an haƙa ramukan tare ruwan sama masu siffar rabin wata a fili, an shuka ciyawa, an hana shiga, ba wanda ya tambaya ko filin makiyaya ce, ko burtali ya ratsa ta wurin. Makiyayi ya dawo daga arewa da kaka ya tarar da hanya a toshe. Mu mutanen Maraɗi mun san inda irin wannan ke kaiwa, ba mu manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda a 1991 aka kashe mutane fiye da 100. Kafin a sa fartanya, a zauna da arɗo da sarkin Fulani da kwamitin filaye da ake kira Kofo, a fitar da iyakar burtali da hanyar zuwa rijiya da tafki, a ajiye ranar buɗe gonaki, a rubuta. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi. Kuma takin da garke ke bari a gona da rani shi ma gyaran ƙasa ne.

A ɓangaren namun dawa, Gadabeji a ƙasar Dakoro ta ishe mu misali. An keɓe ta tun 1955, faɗinta ekta 76,000, kuma a 2017 UNESCO ta sa ta cikin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune kewaye. Raƙumin dawa ya ɓace daga can kusan shekara 50, sai a watan Nuwamba na 2018 aka kawo guda 8 daga Kure da ke kusa da Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800. Irinsa ba ya ko'ina a duniya sai Nijar, kuma a 1996 guda 49 kawai suka rage. Kuskure ne babba a ɗauka bindigar mai gadi ce za ta tsare dabba irin wannan. Ma'aikata kaɗan ba za su iya zagaye daji mai wannan faɗi ba, amma Buzu da Bafulatanin da ke kiwo a gefensa sun san sawun kowace mota baƙuwa, sun san inda barewa ke kwana, su ne na farkon ganin hayaƙi idan gobarar daji ta tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauki ƴaƴansu aikin sa ido da albashin da ba ya yankewa, a yi hanyoyin tare wuta tare da su da zarar ciyawa ta fara bushewa, a yi magana a fili kan abin da za a yi a shekarar fari, lokacin da ciyawar cikin gandun ce kaɗai ta rage. Idan ba a tsara wannan tun da wuri ba, garke zai shiga da dare, kuma daga ranar an zama abokan gaba.

Akwai kuma taron da ake kira na al'umma, amma maigari ne da dattawa biyar a zaure. Matan da ke tafiya neman itace, masu yankan kaba a Gulbin Kaba don saƙar tabarma, waɗanda gamanarsu, wato ƴar gonar da ake ba mace ta noma wa kanta, ke ƙara ƙanƙancewa saboda ƙarancin gona, ba a ji ta bakinsu ba, sai dai su ji an hana shiga wuri kaza. A yi musu nasu zama daban, a lokacin da suka sauke tukunya, mace ta jagoranta. Haka masu saran itacen Baban Rafi a Madarunfa, da ke ciyar da murhunan birnin Maraɗi: hana su kwata-kwata ba zai yiwu ba, sai dai a raba dajin kashi-kashi, a sari wannan a bar wancan ya huta, a ƙayyade yawan abin da za a fitar a shekara, a kuma riƙa karanta wa gari lissafin kuɗin kasuwar itace da abin da aka yi da kason gyaran daji.