Yadda Ake Lissafa Yawan Maimaituwar Alkaluma a Kalkuleta TI-84

A ce kana da makin ɗalibai 20: uku sun ci 2, biyar sun ci 3, bakwai sun ci 4, huɗu sun ci 5, ɗaya ya ci 6. Ba sai ka shigar da lamba ashirin ɗaya bayan ɗaya ba, layi biyu sun isa.

Danna STAT, ka zaɓi 1:Edit. A ƙarƙashin L1 rubuta makin: 2, 3, 4, 5, 6, kana danna ENTER bayan kowanne. A L2 kuma sai yawan waɗanda suka ci kowane maki: 3, 5, 7, 4, 1. Dole tsawon layukan biyu ya zo daidai, in ba haka ba allon zai nuna ERR:DIM MISMATCH. Idan akwai tsofaffin lambobi a layi, hau kan sunan layin ka danna CLEAR sannan ENTER. Kada ka taɓa DEL a nan, domin layin gaba ɗaya zai ɓace daga allo. In hakan ya faru, STAT sai 5:SetUpEditor zai dawo da shi.

Yanzu STAT, matsa zuwa CALC, zaɓi 1-Var Stats. A List sa L1, a FreqList sa L2 (2nd da 1, sannan 2nd da 2). Nan ne aka fi yin kuskure. Wanda ya bar FreqList babu komai, kalkuleta za ta ɗauka kowane maki sau ɗaya ya zo, ta ba shi n=5 (n shi ne yawan alkaluman) da matsakaici 4. Amsar gaskiya ita ce n=20, jimilla 75, matsakaici 3.75. Don haka kullum fara duba n kafin ka yarda da sauran.

Don samun kason kowane maki, hau kan sunan L3 ka rubuta L2/sum(L2), ana samun sum( a 2nd STAT, ƙarƙashin MATH. Maki 4 zai ba da 0.35.

Idan alkaluman ɗanye ne, ba a ƙirga su ba tukuna, bar kalkuleta ta ƙirga maka. Zuba su duka a L1, danna 2nd Y=, kunna Plot1, zaɓi zane na uku, wato na sanduna, Xlist ya zama L1, Freq kuma 1. ZOOM 9 zai zana, amma faɗin rukunin da yake zaɓa yakan zo da lamba mai wuyar sha'ani. Gara ka shiga WINDOW da kanka: Xmin shi ne farkon rukunin farko, Xscl faɗin kowane rukuni, sai GRAPH. Sanduna ba sa wuce 47, in ka ƙanƙanta Xscl da yawa za ka ga ERR:STAT.

Danna TRACE ka bi sandunan da kibiyar dama. Kowace za ta nuna min, max< da n. Lura da alamar nan ta <, wato ƙasa da: a rukunin 10 zuwa 20, lamba 20 cif tana faɗawa ne cikin sanda ta gaba.