Kafin ka je wajen Alhaji neman jari

Yawancin masu cewa "ina da dabara, jari ne babu" in ka zauna da su minti goma za ka gane sha'awa ce kawai, ko lissafi ba su yi ba.

Dama tana inda mutane ke mita. Farkon 2023 da aka canza takardun Naira tsabar kuɗi ta ɓace, masu POS suka ci kasuwarsu, da aka cire tallafin mai a watan Mayu kuma janareta ya gagari masu shago sai ga masu sola da cajin waya da ƙanƙara. To ka tsaya a unguwarku ka duba, ina ake layi, me ake hawa adaidaita har Sabon Gari a sayo. A kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano lissafin kaka ne, a sayi wake yana araha a ajiye, amma in ba ka iya ajiya ba kai da ƙwari za ku raba ribar.

Ka fara da ɗan kuɗinka ko na adashi ne, ka juya shi wata uku kana rubutawa a littafi, har kuɗin dako da na leda. Alhaji fa ba zai karanta doguwar takarda ba, yana shan shayi zai jefo maka tambaya, nawa ka zuba, kwana nawa kaya ke ƙarewa, nawa ne a hannun 'yan bashi, waye ya san ka a layin nan. In ka fara inda-inda shikenan, "Allah ya sa albarka" za ka ji.

In ya yarda ku yi mudaraba, wato shi da kuɗi kai da aiki, kaso za ku yanka daga riba, rabi-rabi ko yadda kuka daidaita, ba wai dubu hamsin duk wata ba, wannan ya koma ruwa. Asara in ba sakacinka ba ce ta mai kuɗi ce, kai wahalarka ta tafi. Ku rubuta da shaidu ko da kawunka ne, musamman ma in kawunka ne.

Bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ su kan sayi kayan ne su sayar maka da riba ka biya a hankali, sai dai za su nemi rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da bayanan asusu, don haka ciniki ya riƙa bi ta asusun shago. Gidauniyar Tony Elumelu ma tana ba da dala 5,000, farkon shekara ake buɗe cikewa, kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ɗan damfara ne.