Darasi Na Bakwai: Wutar Cek Injin Da Lambobinta

Direba ya taso daga Samaru zai shiga Sabon Gari. Yana kaiwa Kwangila sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari. Ita direbobi ke kira cek injin. Mota ce ke kawo ƙara, tana cewa wani wuri a jikinta ba lafiya.

Ku fara duba yadda wutar take. In ta tsaya cak, mota kuma tana tafiya lafiya, a lallaɓa a kai ta gareji. In tana ƙyaftawa, inji na karkarwa, a sami gefen titi a tsaya. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa, yana dafa abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne.

A gareji za a ce a sa mata kwamfuta. Ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16, nan ake jona na'urar. Tun 1996 Amurka ta wajabta shi a motocinta, Turai ta bi baya a 2001 ga masu shan fetur. Shi ya sa yawancin 'yan Kwatano da ke yawo a Zariya suna da shi.

Na'urar za ta nuna harafi ɗaya da lambobi huɗu. P na inji ne da giya, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U kuma na wayoyin da kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinsu. Ku rubuta abin da ya fito a takarda da hannunku kafin kowa ya taɓa komai.

A ce an ga P0301. Silinda ta ɗaya ce ke fashin wuta, wato fetur ba ya ƙonewa a cikinta yadda ya kamata. Lambar ta nuna ɗakin da ɓarawo yake, ba ta faɗi sunansa ba: yana iya zama fulogi, ko koyil mai ba fulogi wuta, ko nozul mai fesa fetur. Nan ake gane bakanike na ƙwarai. Yaron gareji ya ce, "Oga, in je in sayo koyil?" Ogan ya ce, "Dakata tukuna. Ciro na ɗaya ka mayar da shi na biyu." Aka goge lambar, aka tayar da mota, aka sake dubawa. Sai ga P0302. Ciwon ya bi koyil ya koma silinda ta biyu, to yanzu an san abin saye. Da lambar ta zauna a P0301, sai a koma kan fulogi da nozul.

P0171 kuwa iska ce ta yi wa fetur yawa. Lokacin hunturu ƙura na lulluɓe na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Wani lokaci robar iska ce ta tsage, ko famfon mai ya gaji, musamman ga mai yawan shan man 'yan bumburutu.

Akwai masu goge lamba kawai su karɓi kuɗi, wuta ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Wasu ma, Allah ya kyauta, ƙwan suke cirewa kafin su sayar da mota. In za ku saya, ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Dole cek injin ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi.

Aikin yi: ku rubuta P0304 a littafinku. Wace silinda ce ke fashin wuta, kuma me za ku ce wa bakanike ya fara gwadawa?