Yadda za ka buga gem a Linux ba tare da ka ƙone datarka a banza ba

Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake ta samun yara suna kawo mani laftof nan Birnin Kebbi, yawancinsu ɗaliban foli da na jami'ar Kalgo, wai a sa musu Linux tunda injinsu bai ɗaukar Windows 11, kuma tambayar farko kullum ɗaya ce, "Yaya, gem ɗina zai yi?" Amsa ita ce wani zai yi, wani ko ka kwana kana kuka ba zai yi ba, kuma tun kafin ka goge komai za ka iya sanin wanne ne wanne.

Toh fara da waya a hannunka, ba da laftof ba. Shiga ProtonDB ka rubuta sunan gem ɗin da kake so, mutane ne da suka gwada suke ba da rahoto, in ka ga Platinum ko Gold ka kwantar da hankalinka, Silver yana yi amma da 'yan gyare-gyare, in ka ga Borked ka haƙura kawai. Waɗanda suka fi ba da ciwon kai su ne na intanet masu manhajar kama maguɗi da ke shiga can cikin hanjin Windows. Valorant ba ya yi, Fortnite ba ya yi, PUBG na kwamfuta ba ya yi, sababbin Call of Duty da EA FC ma haka, Apex Legends da yana yi amma a 2024 suka rufe ƙofa, GTA V kuwa za ka buga labarin lafiya lau amma ɓangaren onlayin ya tsaya tun Satumbar 2024. In cikin waɗanga ne abin da ka ke rayuwa a kai, kar ka goge Windows, ka ajiye su biyu a inji ɗaya, manhajar saka Linux ɗin da kanta za ta tambaye ka ko Linux ya zauna kusa da Windows.

Sai injinka. Mafi yawan abin da ke hannun mutane nan laftof ne na hannu irin HP EliteBook 840 G3 ko Dell Latitude, ba su da katin hoto na daban, na Intel ne da ke cikin firosesa. Dubi lambar firosesan, in i5-6300U ne wannan 6 ta farko tana nufin zubi na 6, daga nan zuwa sama Vulkan yana aiki da kyau, kuma Vulkan ɗin nan shi ne ƙashin bayan komai. Abin da ke faruwa shi ne gem ɗin Windows yana magana da yaren DirectX, Linux bai jin wannan yare, sai kamfanin Valve, mai shagon gem na intanet da ake kira Steam, ya fito da Proton a Agustan 2018, tafinta ne, an gina shi kan Wine wanda ake aikinsa tun 1993, a cikinsa akwai DXVK da ke juya DirectX zuwa Vulkan nan take kana cikin wasa. Proton ɗin nan ne ke tafiyar da gem ɗin Windows a Steam Deck, na'urar gem ta hannu da suka fitar a 2022, shi ya sa suke zuba kuɗi a kai ba wasa. In injinka zubi na 3 ne ko na 4, Vulkan ɗinsa rabi da rabi ne, ba ka mutu ba dai, akwai dabara a ƙasa. RAM kuma gaskiya in giga 4 ce ka je ka ƙara ta kai 8 kafin mu yi magana.

Ni Linux Mint nake sa wa mutane, don fuskarsa ta yi kama da Windows, ba a ruɗewa. Fayil ɗin kusan giga 3 ne, ka sauke da datar dare, ka zuba a fulash da Ventoy ko Rufus, ka kunna inji kana danna F9 in HP ne, F12 in Dell ne. Kwashe hotunanka da furojet ɗinka tukuna, na roƙe ka, kuma kar ka fara in batirinka matacce ne kuma ba ka da tabbacin wuta, na taɓa yi wa wani ƙanena ana tsakiyar raba fatishan aka ɗauke, ranar dai mun sha shiru a gida.

Bayan ya hau, ka sabunta komai sau ɗaya. Mai Intel ko AMD ba ruwansa da neman direba, yana cikin Mesa, ya zo tare da tsarin. Mai Nvidia ne zai buɗe Driver Manager ya zaɓi wanda aka rubuta an ba da shawara, ya sake kunna inji. In kana so ka tabbatar ka buɗe tamina ka rubuta inxi -G, zai nuna maka katin da direban da ke aiki.

Sai ka saka Steam daga Software Manager, ka shiga Settings, Compatibility, ka tabbatar Steam Play, wato makunnin Proton, yana kunne, sababbin fitowa suna zuwa da shi a kunne ma. Daga nan kamar Windows ne, ka danna sauke ka danna buga. In gem ya ƙi tashi, danna dama a kansa, Properties, Compatibility, ka tilasta masa Proton Experimental, in ya ƙi ka gwada tsoho kamar Proton 8, in bidiyon cikin gem ne ke nuna baƙi ko layi-layi masu launi sai ka sa manhajar ProtonUp-Qt ka jawo GE-Proton, wani Proton ne da aka yi wa ƙari, yakan warware wannan. Mai tsohon inji da na ce akwai dabara, a akwatin Launch Options ka rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% daidai haka, zai bar Vulkan ya bi ta OpenGL, ba sauri kamar wancan amma tsofaffin gem suna tashi.

Yanzu maganar data, wanda shi ne ainihin abin da ke kashe mu nan, Turawan da ke rubuta irin wannan bayani ba su san zafinsa ba. Karon farko da ka buga gem ɗin Windows, Steam zai sauke Proton da kayan aikinsa, wajen giga 1 ko fiye, sau ɗaya ne, amma kowane Proton daban da ka gwada sabon saukewa ne, don haka kar ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan da rana tsaka. Na biyu, shiga Settings, Downloads, ka kashe Shader Pre-Caching, wanga abu kullum ka buɗe Steam sai ka ga yana jan wasu ɗaruruwan mega ba ka aike shi ba, in ka kashe gem zai ɗan yi tsattsaye a mintunan farko sannan ya saki jiki. Na uku, ka sa kowane gem ya sabunta sai lokacin da ka buɗe shi kawai. Kuma in abokinka a Badariya ko Gesse yana da gem ɗin, ba sai ka sauke ba, kwafo foldarsa daga steamapps/common ka zuba a taka, ka danna saka, Steam zai gane fayilolin ya cike abin da ya rage, sharaɗi dai gem ɗin yana cikin akawun ɗinka, ko ka saya ko kyauta ne irin Dota 2 da Counter-Strike 2, su biyun ma na Linux ne kai tsaye ba sa buƙatar tafinta.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ya bar gem a fatishan ɗin Windows mai NTFS ya nuna wa Steam can, sai ya danna buga abu ya yi kamar zai tashi ya koma, ba saƙo ba komai. Mayar da shi fatishan ɗin Linux mai ext4, magana ta ƙare.

Wanda ba na Steam ba, manhajar Heroic na kula da gem ɗin shagunan Epic da GOG, Epic kuma suna raba gem kyauta kowane mako, Lutris na tsofaffin da kake da fayil ɗin sakawa. Amma in ƙwallo ce damuwarka kamar yawancinmu, PPSSPP mai buga gem ɗin PSP da PCSX2 mai buga na PS2 duk suna nan na Linux a Software Manager, PPSSPP ko a gajiyayyen inji yana gudu, PCSX2 yana buƙatar BIOS na PS2 da ɗan ƙarfi. Fad ɗin PS4 da na Xbox 360 kana sokawa suke aiki, mai arha na kasuwa mai kai biyu ne wani lokaci maɓallansa ke juyewa, sai ka saita su ɗaya-ɗaya cikin Steam ko da AntiMicroX.

In kuma gem yana tafiya sumul minti goma sannan ya fara ja, sau tari ba laifin Linux ba ne, zafin Kebbi ne, a watan Afrilu da rana ta haura digiri 40 firosesa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Disamba. Sauke shi daga kan katifa, ɗaga bayansa da littafi, kai wa mai gyara ya busa fankar ya canza man firosesa, ka rage girman hoto zuwa 720, ka bar caja a jiki, sannan ka sake gwadawa bayan Isha'i.