Yadda Ake Ziyartar Tsaunukan Grindelwald da Jungfraujoch a Suwizalan

Garin Grindelwald yana kwance ne a wani kwari na tsaunukan Alps, mita 1,034 sama da teku, a gindin dutsen Eiger. A sama da shi akwai Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi bisa a Turai, wadda aka buɗe a 1912 a kan mita 3,454. Wanda ya taso a ƙasa mai zafi yakan ɗauka sanyi ne babbar matsalarsa a nan, alhali tsawon wurin da saurin sauyawar yanayi su ne suka fi buƙatar shiri.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Mai son yawo a ƙafa ya nufi tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke daga hanyoyi, mai son wasan zamiya a kan ƙanƙara kuma ya jira Disamba zuwa Maris. Bayan haka sai biza. Suwizalan tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ya kamata matafiyi ya tabbatar ta ƙunshi ceto daga kan dutse, domin kuɗin jirgi mai saukar ungulu ba wasa ba ne.

Daga filin jirgin saman Zurich ana hawa jirgin ƙasa zuwa tashar Interlaken Ost da ke garin Interlaken, a sauya zuwa na Grindelwald. A lura da taragon da aka shiga, saboda jirgin yakan rabu biyu a Zweilütschinen, rabi ya nufi Lauterbrunnen. Mai neman abincin halal zai fi samunsa a Interlaken, inda baƙi Larabawa ke yawan sauka.

Kada a haura Jungfraujoch a ranar da aka iso. A kwana ɗaya ko biyu a ƙasa tukuna, jiki ya saba. Tikitin yana da tsada ƙwarai, kuma ba a mayar wa mutum kuɗinsa don gajimare ya rufe dutse, saboda haka a duba hasashen MeteoSwiss, hukumar kula da yanayi ta Suwizalan, da kyamarorin da ke nuna saman dutsen kai tsaye kafin a biya. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, don wanda ya hau cikin hazo farin bango kawai zai gani ya dawo.

Idan gari ya waye sarai, a fita da sassafe. Daga tashar Grindelwald Terminal akwai Eiger Express, motar da ke rataye a jikin waya, wadda ta fara aiki a Disamban 2020, kuma cikin minti 15 take kai mutum tashar Eigergletscher. Daga nan jirgin ƙasa ke shiga rami mai tsawon kusan kilomita 7 da aka haƙa a cikin duwatsun Eiger da Mönch. Da an sauka, a yi tafiya sannu a hankali, a riƙa kurɓar ruwa, domin iskar wurin ba ta ƙosar da numfashi, har matakala goma kan sa lafiyayyen mutum haki. In ciwon kai ko jiri ya tsananta, maganinsa sauka ƙasa. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita tun daga gida.

Game da sutura, riguna uku marasa nauyi a kan juna sun fi jibgegiyar riga ɗaya, saboda zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma mutum zai yi ta cirewa yana mayarwa. Baƙin tabarau wajibi ne. Hasken rana da ke dawowa daga kogin ƙanƙara na Aletsch, mafi tsawo a Alps, yana ƙona ido da fata, baƙar fata ma ba ta tsira ba.

A hanyar dawowa, mai sauran ƙarfi zai iya sauka a Eigergletscher ya bi hanyar ƙafa ta Eiger Trail zuwa tashar Alpiglen, kimanin kilomita 6, tafiyar awa biyu a ƙarƙashin bangon arewa na Eiger, wanda ba a iya hawansa ba sai a 1938. A nan ne sanin launin alamomin hanya ke da amfani: rawaya hanya ce mai sauƙi, fari da ja da fari hanyar dutse ce mai buƙatar takalmi mai riƙe ƙasa, fari da shuɗi da fari kuwa ta ƙwararru ce, baƙo ya bar musu. Za a ci karo da shanu masu ƙararrawa a wuya. A kauce wa mai ɗan maraƙi, a kuma rufe ƙofar shinge bayan an wuce. Kafin a tashi, a duba lokacin jirgin ƙarshe daga Alpiglen, a kuma adana lambar Rega, ƙungiyar ceto ta jirgin sama, wato 1414, a cikin waya.